Ki Rage Wutar, Kada Ki Kashe Ta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Ka'akiyya, Makka.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifinki, da addu'ar Allah Ya sauke ku lafiya, ke da mijinki Yasir da ɗan ƙaramin abokin faɗana Ammar. Allah Ya tsare ku a sama, Ya tsare ku a ƙasa, Ya sa garin da za ku ya karɓe ku hannu bibbiyu.

Na ce wa Yasir kada ya miƙa miki takardar nan sai jirgi ya bar Jidda, don kada ki samu damar yi min gyara. Na san za ki ga kurakurai. Bokon nan ba a aji na koye shi ba. Wani ɗalibi ne daga Kano ya koya min a unguwar Misfala, ina gyara masa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana gyara min baƙaƙe, kuma har yau ban san wanda ya cuci wani ba a cikinmu. Da na so da na rubuta da Larabci, tunda shi kika fi saurin karantawa. Shi ya sa ban yi ba. So nake ki karanta a hankali, kina tuntuɓe, kamar yadda na rubuta.

Kafin komai, ki sani na cika unguwa da labarinki. Duk wanda ya tsaya a bakin shagona kwanakin nan, ko da tambayar hanya ya zo yi, sai ya ji cewa Turawa sun kira 'yata ta je ta koya wa tukunyarsu magana. Shekara da shekaru ana kira na Muhandis, wato injiniya, don tsokana, ni da ban gama ko firamare ba, sai ga shi Allah Ya mai da tsokanar gaskiya a kanki. Usmanu mai shayi ya ce abin da ya fi ba shi dariya shi ne ni na ƙare rayuwata ina korar zafi daga ɗakunan mutane, ke kuma za ki je Ingila kina shigar musu da shi. Ya ce da mun haɗa kai tun farko, da sai in riƙa tara shi a buhu ina aika miki.

Bari in maimaita bayanin da kika yi min, ki ga ko tsoho ya riƙe. A can, gida yana da tukunyar gas rataye a bango, wadda kuke ce wa boila. Ita kaɗai take aiki biyu: tana dafa ruwan da ke zagayawa cikin ƙarafan jikin bango yana ɗumama ɗakuna, kuma tana ba da ruwan zafi nan take da zarar an buɗe famfo, ba tanki ba komai. Ta zamani kuwa ba ci da mutuwa kawai ta sani ba. Tana iya rage harshen wutarta ya koma ɗan mitsitsi, tana iya ƙara shi, gwargwadon buƙata. Aikinki shi ne ki haɗa ta da ɗan akwatin nan mai wayo da ke auna zafin ɗaki, wanda ake sarrafawa daga waya. In an haɗa su daidai suna jin yaren juna. Akwati ya ce, "An kusa, sassauta," tukunya ta sassauta. In kuwa aka yi musu haɗin ganganci, kalma biyu ce kawai za ta rage a tsakaninsu: kunna, kashe. Tukunya ta zabura da dukan ƙarfinta, ɗaki ya yi zafi, a kashe ta, ɗaki ya huce, ta sake zabura. Gas ya tafi a banza, tukunya ta tsufa da wuri, mutanen gida suna ta cire riga suna mayarwa. Na ci jarrabawa ko?

Kin bar gida Ummanki ba ta yi miki magana ba tun ranar da biza ta fito. Na sani, kin sani, har matar maƙwabcinmu ta sani. Don wannan na zauna rubutu, kuma zan zo kansa. Amma kin san mai gyaran mukayyif, ta taga ya saba shiga gida.

Ba ni da ilimin da zan ba ki, kin fi ni. Abin da na tara da yawa kurakurai ne, su kuwa ba a koyar da su a jami'a. Ga naki rabon gadon tun ina raye.

Kin san a nan, da bazara, tankin kan rufi yana shan rana har ruwansa ya isa dafa ƙwai. Shi ya sa muke kashe hitar wanka mu bar ruwa ya huce a cikinta, sai jan famfo ya zama shi ne mai sanyi, shuɗin kuma wuta. Yaron goye ma ya san wannan a Makka. To, wata shekara kafin a haife ki, wani dattijo daga Zariya, Malam Lawal, ya zo Umra ya sauka a gidanmu. Na nuna masa ɗaki, na nuna masa alƙibla, na nuna masa inda ake ajiye dabino. Famfo ne kawai ban nuna masa ba. Da azahar ta yi ya shiga alwala, ya buɗe shuɗi kamar yadda duk duniya take yi. Bai yi ihu ba, malami ne. Ya fito hannuwa a sama yana hura su, ya ce, "Malam Sani, ashe a garin nan tun daga alwala ake fara tuna wa mutum lahira."

Abin da kowa ya sani a gida, shi ne abin da ba wanda ke faɗa wa baƙo. Yanzu ke ce baƙuwa. Ki yi tambaya, ko da za su ga kamar kin fito daga ƙauye. In kuma kin shiga gidan mutane aiki, ki faɗa musu abin da kike ganin kowa ya sani. Ke kika ce min in wani yana wanka, tukunya takan bar ɗakuna ta koma kan famfo har ya gama. Ke wannan ba labari ba ne a wurinki. Tsohuwar da ta taɓa ƙarfe ta ji ya fara hucewa kuwa, cewa za ta yi kin lalata mata gida.

Kuskure na biyu a gabanki aka yi shi, amma zan ba ki shi daga ɓangarena. Ni a kan mukayyif na taga na girma, wanda in ya tashi sai gini ya girgiza, in ya mutu sai ka ji numfashin maƙwabcinka. Sai ga Ammu Saleh, mai gidan saukar alhazai a Misfala, ya sa sababbi na zamani a ɗakunansa. Ya kira ni ya ce, "Ya Muhandis, wannan ba ya hutawa. Na dā yana rugugi ya yi shiru. Wannan kuwa kullum gurnani yake ƙasa-ƙasa kamar mage. Wuta zai cinye min." Na kara kunne a jikinsa, na gyaɗa kai irin na likita, na ce abin da ke auna masa sanyi ne ya mutu. Na ɗauko tsohon ma'auni daga jakata na ɗaura a kan wayar da ke ba shi wuta, in ɗaki ya yi sanyi ya yanke ta ɗungurungum. Nan da nan ya fara zabura yana mutuwa. Ammu Saleh ya dafa kafaɗata ya ce, "Yanzu ya zama mukayyif." Don jin daɗi ya sa na yi wa na sauran ɗakunan ma.

Alhazai ba su gama watsewa ba allon lantarkin da ke cikin na farko ya ƙone. Na kawo shi gida ina jujjuyawa, ke kuma lokacin kina tsakiyar karatunki. Kika karɓa kika duba.

"Baba, me ka yi masa?"

"Hutu na koya masa."

"Ai hutawa yake yi. Gurnanin nan shi ne hutunsa. In ɗaki ya yi sanyi ba mutuwa yake ba, rage gudu yake. Kai kuma kana shaƙe shi kana tashinsa, kana shaƙe shi kana tashinsa."

Ummanki daga kicin ta ce, "Haka yake yi wa kowa."

Na ɓata rai don dai a san ni ne mai gida, na fita. Ban tsaya ko'ina ba sai wurin Usmanu, na ba kowa labarin yadda 'yata ta kayar da ni. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba. Washegari na koma Misfala na kwance duk abin da na ɗaura, ina gumi, Ammu Saleh yana tsaye a kaina yana kira na Muhandis da wata irin murya.

Don haka in wani ya ce miki tukunyarsa ba ta mutuwa, kada ki yi irin ta ubanki. Ki taɓa ƙarfen. In da ɗumi ba ƙuna, ɗaki kuma daidai, to lafiyarta ke nan. Wutar da ke ci a hankali ta daɗe ta fi wadda ke tashi kamar gobara ta mutu. Kuma kafin ki ɗaura akwati a bangon kowa, ki tabbata yana jin yaren wannan tukunyar, don ke kika gaya min ba kowane mai wayo ne yake jin yaren kowace tukunya ba. Mai wayon da ba ya jin yare, kunna da kashe kawai ya iya, kamar tsohon ma'aunina. Gas kuma ba abokin wasa ba ne. Abin da ba a ba ki izinin taɓawa ba, ki kira mai izini, ba ragi ba ne ga muhandisa.

Na uku a unguwar Shisha na yi shi, gidan wata Hajiya Batula. Na sa mata ma'aunin zafi a falo, a bangon da na ga ya fi sauƙin jan waya. Ta ce in zauna in sha shayi, na ce ina sauri. Ashe a ƙarƙashin wurin daidai take ajiye kaskon turaren wuta bayan magariba. Da ta zuba garwashi, ma'auni ya ji zafi, sai ya ɗauka falon ne ya kama da wuta, ya saki sanyi kamar ɗakin ajiye nama. Baiwar Allah ta canja turare kala-kala. Sai da ta kira mai ruƙiyya kafin ta kira ni. Da na zo ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, mutanen ɓoye na gidan nan ba sa son ƙamshi." Na dubi kasko, na dubi ma'auni, na ce, "Hajiya, aljanin nan na san shi, a Ka'akiyya yake zaune."

In an ba ki shayi a gidan aiki, ki zauna ki sha. Kafin kofi ya ƙare za ki ga inda suke zama, da inda rana ke faɗowa, da ƙofar da ba a rufewa, da inda tururin girki ke bi. Akwati ba shi da ido. Inda kika ajiye shi, nan ne duniyarsa.

Na huɗu gajere ne, kuma kin san shi. Ummanki mai jin sanyi, ni mai jin zafi. Don a zauna lafiya na sayo rimot na biyu. Duk ƙailula mukayyif yana ƙara kamar ɗan tsako, ni in rage ita ta ƙara, har ya rasa wanda zai bi. Ita ma tukunyarki kin ce tana da nata agogon. In kin kawo mai wayo, ki sa agogon ya ja gefe, a bar shugaba ɗaya. A gidanmu kin san wanda ya ci zaɓe. Har yau ban ga batiran rimot ɗina ba.

Na biyar ba na dariya ba ne, ko da yake zan gwada.

Kakanki ya bar ƙauyensu a ƙasar Kano, ya biyo ta Chadi, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga kafin ya tsallako. A hanya aka haife ni, shi ya sa har yau ban iya zama wuri ɗaya ba. Da ya zauna a Makka, duk shekara alhazan garinsu sukan neme shi. Su kawo kuka da daddawa da labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, shi kuma ya ba su masauki da saƙon gaisuwa. Da ya rasu ba su daina zuwa ba. Amma lokacin aikin Hajji shi ne kakar mai gyaran mukayyif. Sai su zo su tarar ina kan tsani, in leƙo in ce, "Ku gaishe su, baɗi in Allah Ya kai mu za mu zauna." Ban yi faɗa da kowa ba, Uwata. Ban zagi kowa ba. Wata shekara kawai na lura ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da abin ya dame ni, na tashi da ƙarfina irin na mukayyif ɗin taga: na haɗa jaka guda ta dabino da tasbaha da darduma, na ba wani alhaji ya kai. Ya aiko min cewa ya je, an karɓa, an gode, amma waɗanda suka san sunan kakanki duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu kuka a shago nake sayenta a Misfala, kamar kowane baƙo.

Zumunci ba faɗa kaɗai ke kashe shi ba. Baɗi ma tana kashe shi.

To, na shigo ta taga, ga mu a tsakar gida.

Ita ma Ummanki a bayan uwarta ta shigo ƙasar nan, ta wannan hanyar. Abin da take faɗa min, tunda ke ba ta faɗa miki, shi ne: "An sha wahala an kawo mu maƙwabtaka da Ɗakin Allah, ita kuma za ta ɗauki maigidana ta kai shi inda ba a jin kiran salla." Maigidan nata kuwa Ammar, ni an daɗe da sauke ni. Ban ce ta yi daidai ba. Na gaya mata kakanninki ma gida suka bari, kuma ƙasa duk ta Allah ce. Ta ce in je in gaya wa Usmanu. Amma ki gane, ba ƙin ki take ba. Tsoro take ji kada abin da ya same mu da Kano ya same ta da ke.

Matsalar ita ce ku biyun tukunya ɗaya ce, kuma ta dā. Ko ku kama da wuta, ko ku mutu murus. Na ji ki ranar kina ce wa Yasir, "Halas, shi ke nan, in ba ta son magana ni ma ba zan matsa ba." Wannan kalmar ta fi jirgin da za ki hau ba ni tsoro. Na san yadda ake yi. Ki yi shiru ki ga ko za ta kira, ta yi shiru ta ga ko za ki kira, sai Salla ta zo ku yi waya doguwa da kuka, sannan a sake kashewa sai wata Sallar. Ammar ya girma yana jin ana cewa yana da kaka a Makka.

Ke da kika koya min cewa gurnani ma hutu ne, ki yi aiki da iliminki. In fushi ya zo, ki rage wutar, kada ki kashe ta. Kullum ɗan abu kaɗan. Hoton Ammar da majina a hanci. Saƙon murya da Hausarki mai ɗingishi, ko tambayar yadda ake kaɗa miyar kuka, ko da kin iya. Ba za ta amsa ba da farko. Ki ci gaba. Ba amsa kike nema ba, ɗumi kike tsarewa.

Bargon da ke ƙasan babban akwatinku, ba ni na saya ba. Ita ta fita da tsakar rana, cikin zafin nan da ke narkar da takalmi, ta zagaya kasuwa tana neman bargo mafi kauri, masu shago suna tambayarta ko lafiya. Ta ce na Ammar ne shi kaɗai. Ki shimfiɗa shi ki gani ko yaro ɗaya ake saya wa irin wannan.

Jiya bayan la'asar tana ninke shi, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kai, Muhandis. Wannan akwatin nata da ta ce ana ganin zafin ɗaki a waya. Daga nesa ma ana gani?"

Na ce, "Ko daga bangon duniya."

"Ko daga Ka'akiyya?"

"In an sa wa mutum a wayarsa."

Ta ja tsaki ta ce, "Ni ba roƙo nake ba. Yaron ne ba shi da jiki."

Don haka ga abu ɗaya da nake nema a wurinki, ni da ban taɓa neman komai ba sai batir. In kun samu gida, akwatin farko da za ki ɗaura a can Ingila ya zama naku. Ki haɗa shi da tukunya haɗi na gaskiya, su ji yaren juna, sannan ki nuna min yadda zan sa shi a wayar Ummanki. Gani kawai, ki ji ni da kyau. In kika ba ta ikon taɓawa, daga nan za ta gasa ku. Kullum da safe za ta duba ta ga ɗakin jikanta. Za ta ce ya yi sanyi, ko nawa ya nuna. Za ta yi min mita kwana da kwanaki, ni kuma zan ce ban iya ba, ai ba ni ne muhandis ɗin ba. Ranar da abin ya ishe ta, da kanta za ta kira ki ta yi miki faɗa. In ta kira, kada ki kawo mata lissafin jami'a. Ki ce, "To, Umma," ki ɗan ƙara kaɗan yadda za ta gani a wayarta. Daga nan kuma ku kuka sani.

Ki riƙe salla a kan lokaci ko da rana ta ƙi fitowa. Ki kyautata wa Yasir, yaron kirki ne, ya jure surukinsa. Ki yi wa Ammar Hausa ko zai amsa da Turanci, kuma ki gaya masa kujerata da yake hawa tana nan, ban yafe ba.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya sa albarka a hannunki, duk gidan da kika shiga ki bar shi da ɗumi. Ya tsare ku daga sanyin gari da sanyin zuciya, Ya kare ku daga sharrin hanya da na masauki, Ya dawo mana da ku lafiya kuna masu ɗawafi. Gobe in na shiga Harami zan ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Ummanki ta ce ita ba za ta ba da saƙo ba. Tana tsaye a bayana tun ɗazu, tana tambaya ko na rubuta maganar bargo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sani, Muhandis na tsokana, uban Muhandisa ta gaskiya.